Kwanukan Sallah a Ƙarƙashin Gadona

Ni na ɗaga hannu, ba wanda ya tilasta ni. Ina faɗar wannan tun farko don kada wani ya karanta ya ce coci ya tura marainiya daji. Ba tura ni aka yi ba. Bakina ne ya kai ni, kamar yadda ya saba.

Cocinmu na Hausa, wanda ke bakin unguwar Sabo ta wajen Mokola a nan Ibadan, yana da ɗan reshe a wani ƙauye can cikin Akinyele, gaba da kasuwar Shasha. Mutanenmu ne 'yan Arewa da suka zo ƙwadagon noma suka zauna da iyalansu. Matan wurin suna son su koyi karatun Hausa, su daina riƙe littafin waƙoƙi a juye suna bin bakin na gaba. Suna kuma neman mai yi musu tafinta da Yarabanci in za su asibiti. Zumuntar mata ta ɗauki maganar, aka yi Lahadi huɗu ana zama a kanta bayan sujada. Kowace Lahadi a buɗe da addu'a, a karanta abin da aka tattauna makon jiya, wata ta ce "gaskiya wannan aikin Ubangiji ne," wata ta ce "sosai kuwa," sannan a ce a ci gaba da addu'a a kai, a tashi ƙarfe uku. Ni ba ma 'yar zumunta ba ce, ba ni da aure. Ana zaunar da ni ne in rubuta abin da aka faɗa, tunda na gama sakandare kuma rubutuna yana karantuwa.

A Lahadi ta huɗu yunwa ta ci ni har ina ganin biro biyu a hannuna. Na san abincina na can gida yana hucewa. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Don Allah, in dai mutum ɗaya ake nema, ni zan je. A rufe da addu'a."

Sai wata ta rangaɗa guɗa. Matar fasto ta rungume ni tana cewa Ubangiji ya amsa. Aka sa waƙa, aka ɗora mini hannu a ka. Ni kuwa har lokacin dambu nake tunani. Sai da na ci na ƙoshi na sha ruwa, sannan abin da na yi ya sauko mini.

Ban iya girki ba.

Ba irin "ban iya ba" ɗin 'yan mata masu son a yaba musu ba. Ina da shekara ashirin da ɗaya, ban taɓa dafa abin da mutum ya ci ba. Ruwan zafi na iya. Shayi ma in an ba ni lokaci.

Gidanmu a Sabo gidan haya ne, ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, kuma mu kaɗai ne Kirista a ciki. Baba direban babbar mota ne, yana ɗauko albasa daga Arewa zuwa Shasha. In ka gan shi ya kwana uku a gida, to motar ce ta lalace. Inna, mahaifiyata, ta rasu ina aji biyar na sakandare. Tana da rai ba ta taɓa barina na kusanci murhu ba. "Ke dai karatu," take cewa, "hayaƙi ya ishi mutum ɗaya a ɗakin nan." Bayan ta rasu kuma ban taɓa wuni da yunwa ba, domin matan gidan uku kowacce sana'ar abinci take yi daga ƙofar ɗakinta. Hajiya, babbar gidan, waina take soyawa da safe. Anti, haifaffiyar Ibadan kamata, wadda in ta yi magana ba ka sanin inda Hausa ta ƙare Yarabanci ya fara, ita dambu da awara take yi da rana. Gwaggo kuma tuwo da miyar kuka da yamma. Ba na ma tambaya. In na fito da farantina, rabona na gefe an rufe shi.

Saboda haka in ana addu'a a coci aka zo wurin roƙon abincin yini, amin ɗina ya fi na kowa ƙarfi. Na san ƙofar da zai fito, na san ƙarfe nawa, har yawan yajin na sani. A lokacin ina ganin ba wanda ya kai ni dogara ga Allah.

To akwai wata al'ada a gidan da Inna ta fara da su tun kafin a haife ni. Abincin kullum a farantinka kake karɓa, wannan ba komai ba ne. Amma naman Babbar Sallah a langa mai murfi ake kawo mana shi, mai kyau, irin wadda ake jerawa a kabad ba a cin tuwo a ciki. Kuma ba a mayar da ita washegari. Tana zama a ɗakinmu har Kirsimeti. Ranar Inna za ta kai wa maigidan Hajiya kaji ya yanka, don kowa ya ci hankali kwance, ta yi shinkafa da miya, ta cika kowace langa ta mayar wa mai ita. Kwanon Sallah ba ya komawa wayam. Kowa a gidan ya san haka.

Kirsimeti huɗu suka wuce bayan rasuwar Inna, kullum ina da uzuri. Ta farko muna makoki, ba wanda ya sa rai. Ta biyu na ce muna da wasan kwaikwayo a coci, na fita da safe ban dawo ba sai yamma. Ta uku zazzaɓi, rabinsa gaskiya. Ta huɗu ban ma ce komai ba, na sunkuyar da kai na wuce. Su kuwa ba su fasa ba. Kowace Sallah langa na shigowa, in cinye, in wanke, in goge, in tura ƙarƙashin gado. Da na durƙusa na jawo su a makon nan, goma sha ɗaya na samu. Da sha biyu ne, don dai Sallar ƙarshe Anti ta ba ni nata a leda, ta ce, "Ki yi haƙuri jare, langunan aurena sun ƙare."

Ranar Talata na je wurin matar fasto kamar gaisuwa ce ta kai ni.

"Mama, wai a can ɗin, akwai masu sayar da abinci?"

"Akwai murhu mai duwatsu uku," ta ce. "An ce har sun share miki ɗaki. Mu kuma za mu haɗa miki garin masara da shinkafa da manja."

"Ɗanye?"

"A'a, dafaffe. Mu dafa miki na wata shida mu ɗura a buhu." Ta yi dariya har da dafa ƙirji, wai yarinyar nan akwai barkwanci. Ni ma na yi dariyar. Ta ce mota ranar Asabar da safe.

Na koma gida na yi addu'a, irin wadda ban taɓa yi ba, sai dai ba addu'ar kirki ba ce. Na roƙi Ubangiji ya sa ruwa ya cinye hanyar. Na roƙe shi ya yi magana da wata, har na ba shi sunayen mata uku a zumunta da suka iya girki kuma ba abin da suke yi a gida. Laraba ta zo, rana tarwai, ba ko hadari.

Ga kuma maganar langunan. Ba zan tafi da su ba, wannan sata ce. Ba zan bar su a ƙarƙashin gado Baba ya zo ya gani ba. Ba kuma zan mayar da su wayam ba, a ce 'yar Inna ce ta karya abin da Inna ta riƙe shekara ashirin. Ranar Alhamis na rufe ƙofa, na kakkaɓe tsohon rishon Inna, na ɗora shinkafa. Na ce ai ba wani abu ba ne, kullum ina gani ana yi. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne yawan ruwan. Na kuma gaji da jira na ƙure wutar. Sama ta fito tsakuwa, ƙasa gawayi.

"Wa ke ƙona roba a gidan nan?" Gwaggo ta ɗaga murya daga tsakar gida.

"Ni ce, Gwaggo. Tsofaffin takardun makaranta nake ƙonawa."

"Takarda da warin manja?"

Na ƙulle abin a leda na kai bola can nesa, kusa da titin Mokola, don kada a gane.

Daga nan dabara ta zo mini, kuma har yau ina ganin ba laifin dabarar ba ne, mutanen ne suka cika sa ido. Ranar Juma'a na karɓi wainata wurin Hajiya da safe ban ci ba. Da rana na karɓi dambun Anti ban ci ba. Bayan la'asar na karɓi tuwon Gwaggo. Na shiga ɗaki na rufe. Na jera wainar Hajiya a langar Gwaggo, na yanka albasa a kai don ta sauya kama. Na juye dambun Anti a langar Hajiya, na barbaɗa yaji. Tuwon Gwaggo kuma na mulmula shi da cokali ya zama ƙanana, na sa a langar Anti. Sauran langunan na ɗora mai abincin a kansu, kowa da nata jerin. Cikina na kuka, tun shayin safe ba abin da ya shiga, amma ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa.

Na bi ƙofa-ƙofa ina sallama. "Ga kayanku, na ɗan gwada hannuna ne tunda gobe zan tafi." Kowacce ta karɓa ta yi godiya ta sa albarka. Na koma ɗaki na zauna bakin gado.

Ko minti biyar ba a yi ba na ji muryar Anti.

"Gwaggo! Gwaggo, fito ki ga ikon Allah! Tuwonki ya haihu!"

Na leƙa ta labule. Anti na tsaye tsakar gida da langa a hannu tana dariya har ɗankwalinta na zamewa. Gwaggo ta fito riƙe da waina ɗaya da yatsa biyu, tana juya ta kamar mai duba jabun kaya.

"Hajiya, wannan ba tandarki ba ce? Ga ma gefen nan da yake ƙonewa kullum."

"Tandata ba ta ƙona waina," in ji Hajiya daga ɗaki. Sannan ta fito da tata langar. "Amma dambun nan na san mai shi. Mutum ɗaya ce a duk Sabo take zuba zogale kamar akuya za ta ba."

"Haba Hajiya, ni kuma me na yi? Ga mai laifi can a bayan labule, ina ganin ƙafarta. Oya, fito!"

Na fito. Me zan yi?

"Ke," in ji Gwaggo, "shekara talatin ina kaɗa miyar nan. Kin ɗauka don kin mayar da malmala ƙwallo ba za a gane ta ba?"

"Na sa albasa," na ce.

Wannan ya ƙarasa su. Anti ta zauna a bakin rijiya tana share hawaye tana cewa "ta sa albasa, wayyo cikina, ta sa albasa." Har Hajiya, wadda dariyarta ba ta wuce murmushi, sai da kafaɗarta ta girgiza.

Ni kuwa raina ya ɓaci, ga yunwa ga kunya. Na ce, "To ku yi ta dariya. Ban iya ba. Ban iya girki ba, shi ke nan? Kuma ba inda zan je gobe. Yanzu zan je in gaya wa matar fasto su nemi wata."

"Wai da kina tsammanin ba mu sani ba?" Anti ta ce. "Ke da ba a taɓa ganin tukunyarki a bakin rijiya ba?"

Hajiya ta ɗaga wa Anti hannu. Ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna, ta dube ni.

"Zo nan. A ina kika ce za ki je? A kasuwa kika faɗa ko a ɗakin ibadarku?"

"A coci."

"To ni ban san addininku sosai ba. Amma na zauna da uwarki shekara ashirin, ban taɓa jin ta ce za ta yi abu don Allah ta dawo ta ce tuwo ya hana ta ba."

"Hajiya, can ba kowa. Nan ku kuke ba ni."

"Mu?" Ta yi tsaki. "Da ni ce mai ciyar da ke, ranar da kika ce wainata ta yi tsami a gaban masu saye, da kin wuni da yunwa. Na so in hana ki ma. Hannuna ne ya ƙi. Mai ba ki yana ba ki ne ta ƙofar nan don ita ce kusa da ke. Kin taɓa jin an ce iyakarsa Sabo?"

Ta nuna langunan da yatsa.

"Juye abincin nan a tire," ta ce. "Ki wanke langunan, ki kawo wa kowa nata."

"Haka wayam?"

"Haka wayam. Abin da kike da shi ke nan, shi za ki kawo."

Na taɓa tsayawa gaban makaranta gaba ɗaya aka yi mini bulala saboda na gaya wa malami lissafinsa ba daidai ba ne. Wannan bai kai ratsa tsakar gidan nan da langa ba komai a ciki ba. Taku goma ne daga rijiya zuwa ƙofar Gwaggo, murafen na ta ƙara a hannuna don ba abin da ya danne su. Gwaggo ta karɓa ta buɗe ta duba, ta ce aƙalla na iya wanke-wanke. Daga nan muka zauna mu huɗu muka cinye wainar da ta sandare da dambun da tuwon a tire ɗaya, Anti na tsince albasar tana miƙo mini wai in ci girkina.

Asabar da safe na ɗauki jakata da tukunyar Inna guda ɗaya da muciyarta, wadda ban ma san ta wane kai ake riƙewa ba. A ƙofar coci, ana loda buhun gari a bayan mota, na ja matar fasto gefe.

"Mama, maganar ranar Talata ba wasa nake ba. Ban iya girki ba. Ko kaɗan."

Ta dube ni, ta dubi muciyar, ta sake dubana.

"Wanda ya kira ki ya san da haka tun kafin ki ɗaga hannu."

"To me ya hana shi kiran wadda ta iya?"

"Lahadi huɗu yana kiransu, 'yata. Suna cewa a ci gaba da addu'a a kai. Shiga mota."

Ƙauyen ba wuta, ba famfo, waya ma sai ka hau kan wani tudu kusa da gonar rogo. Duk wannan bai dame ni ba yadda na zata. Kwana uku na farko aka yi ta kawo mini abincin baƙunta, har na fara cewa ashe dai Hajiya ta yi gaskiya, ga Sabo ta biyo ni. Rana ta huɗu na daina zama baƙuwa. Lokacin aikin gona ne, mata na fita da sassafe, kuma sun ga buhunan da aka sauke mini, sun fi abin da ke ɗakin kowaccensu. Wa zai kawo wa budurwa mai buhun gari tuwo? Ai zagi ne.

Na koma garin rogo da ruwa da ƙuli. Safe, rana, yamma. Na gwada tuwo sau biyu, na farko ya fito kamar kunu mai duwatsu, na biyu ya ƙi fita daga tukunyar, sai da na jiƙa ta kwana biyu. A rana ta takwas na durƙusa a kan tabarma na roƙi abincin yini, kuma karo na farko a rayuwata ban san ta inda zai fito ba. Addu'ar gajeriya ce, ba ni da ƙarfin doguwa. Na ce, "Yesu, kai ka san yunwa, ka yi ta. Ga ni na zo, kuma ba don na iya ba. Ba zan koma ba, amma ka yi wani abu." Na buɗe ido na dubi ƙofa. Ina faɗar gaskiya, langa nake jira in gani. Akuya ce kawai ta leƙo ta wuce.

Da la'asar muke yin aji a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a bayan cocin, mata tara, kowacce da ɗan allonta. A cikinsu akwai wata babba da kowa ke kira Maman 'Yan Biyu, ta kai sa'ar Gwaggo, hannunta duk kanta saboda fartanya. Mako guda muna kan haruffa biyar, ita kullum sai ta juya ɗaya ya kalli baya. Ranar ga yunwa, ga zafi, na ƙwace allon na ce, "Haba Mama! Sau nawa zan faɗa miki? Cikinsa dama yake kallo, dama!"

Ba ta yi fushi ba. Ta karɓi allonta ta goge da bakin zane, ta ce, "Malama, ban iya ba ne. In na iya me zai kawo ni nan in zauna a ƙasa, jikokina na leƙe?"

Na tsaya da alli a hannu. Matar nan kullum sai ta ratsa ƙauyen da allo a kai, kowa na gani, kowa ya san inda za ta da abin da ba ta iya ba. Ni kuwa na yi kwana biyar ina hura wuta a murhu da tukunyar ruwa zalla a kai, don maƙwabta su ga hayaƙi su ce Malama na girki.

Na ajiye allin. Na ce, "Ku dakata. Ni ma akwai abin da ban iya ba." Na gaya musu duka, har da tukunyar ruwan, har da albasar.

Dariyar Sabo wasa ce a kan wannan. Wata ta kwanta a kan tabarma. Wata ta ce dama ta yi mamaki, hayaƙi kullum amma ba ƙamshi. Maman 'Yan Biyu kaɗai ba ta yi dariya sosai ba. Ta tambaye ni, "Yau me kika ci?" Na faɗa mata. Ta miƙe ta karkaɗe zaninta ta ce aji ya tashi.

A gaban murhuna ta tsayar da ni, sauran matan sun kewaye mu. Ba ta taɓa muciyar ba, ko sau ɗaya. Ta sa na dama gari da ruwan sanyi na zuba a tafasasshen ruwa, ta ce wannan shi ne talge, a bar shi ya dahu. Ni kuwa ina ganin ya fara kumfa na ɗebo gari zan zuba.

"Haba Malama!" ta ce, da muryata sak. "Sau nawa zan faɗa miki? Talge tukuna, talge!"

Matan suka sake fashewa. Na mayar da garin. Na jira. Ban taɓa sanin minti goma na da tsawo haka ba. Da lokaci ya yi ta ce in zuba kaɗan-kaɗan in tuƙa, in danne tukunyar, in jawo muciyar ta jikin gefe. Hannuna ya yi kamar zai cire, hayaƙi ya cika mini ido. Tuwon ya fito da gudaji, ba zan ɓoye ba. Amma tuwo ne. Wata ta kawo kuka, wata daddawa, aka nuna mini yadda ake kaɗawa. Na ci malmala uku a zaune a ƙasa, ina ci ina hawaye, na ce musu hayaƙi ne.

Abinci na roƙa, aka ba ni mata tara masu yi mini dariya da ciwon kafaɗa na mako biyu. Da ni aka tambaya ba haka zan tsara ba. Amma tun daga ranar ban sake shan gari don dole ba, kuma ajin ma ya sauya. Na rage tsawa, ba don na zama mai haƙuri ba, har yanzu ban zama ba. Kawai dai yana da wuya ka yi wa mace tsawa a kan harafi alhali ka san nan da awa ɗaya za ta tsaya a kanka tana kallon miyarka. Muka yi tsari: in sun koyi harafi, in koyi abu ɗaya a murhu. Suka riga ni gamawa.

Ana gobe Kirsimeti na shiga motar Shasha da kaji biyu a kwali da sababbin languna uku. Na kai wa maigidan Hajiya kajin ya yanka. Washegari bayan sujada na kafa murhu a tsakiyar gidanmu na Sabo, ba a ɗaki ba, ƙofa a buɗe, matan uku sun jera kujeru kamar masu kallon wasa. Anti na ta ba da labari da ƙarfi don 'yan gidan gaba su ji: "Ta auna ruwa o! Jama'a, ta san ana auna ruwa!" Gwaggo ta miƙo hannu sau biyu za ta gyara mini wuta, Hajiya ta buge hannun.

Na cika langunan na bi ƙofa-ƙofa. Wannan karon murafen ba su yi ƙara ba.

Hajiya ta ɗebi cokali ɗaya ta tauna a hankali, ta daɗe tana taunawa.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce.

"Shinkafar ta ɗan caɓe," in ji Gwaggo, bakinta cike.

Anti kuwa sai da ta ga ƙasan langar, sannan ta tambaya ko akwai saura a tukunya.

Da yamma na je tattara kayana, don washegari zan koma. Muna da aji ranar Talata, kuma Maman 'Yan Biyu ta kai inda take haɗa layi guda na waƙa da kanta, in na bar ta kwana uku sai harafin nan ya sake juya baya. Na tarar Hajiya ta wanke langata ta goge. Na miƙa hannu zan ɗauka.

"Ina za ki da ita?"

"Tawa ce, Hajiya."

"Na sani. Sai Sallah."

Ta sunkuya da ƙyar, tana dafe da gwiwa, ta tura ta ƙarƙashin gadonta.